Jarrabawar Kemistiri a Ƙasar Haɗejiya: Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya

Kowace shekara, da watan Mayu ya kama, 'yan aji uku na babbar sakandare su kan shiga jarrabawar fita ta Hukumar Jarrabawa ta Afirka ta Yamma, wadda kowa ya sani da sunan WAEC, sa'an nan cikin Yuni da Yuli su bi ta da ta NECO. Cikin darussan da su ke rubutawa akwai guda wanda mu ke so mu jawo hankalin malaman makaranta da akawunan ofisoshin ilmi a kansa, shi ne Kemistiri, watau ilmin sinadarai da yadda su ke haɗuwa su rikiɗa. Maganarmu a gajarce ita ce, tun kafin ranar jarrabawar nan a ke cin ta ko a faɗi, a ƙasar Haɗejiya kuwa kogi ne ke yanka wa makaranta lokacin shiri. Duk wanda ya tsara karatun shekara bai sa kogi cikin lissafinsa ba, to, ya yi lissafin dokin Rano.

Abin da ke rataye da wannan darasi

Yaron da ke neman karatun kimiyya a jami'a sai ya kawo kiredit biyar, har da Turanci da Lissafi, kiredit kuwa daga daraja ta A1 ne zuwa C6. In likita ya ke so ya zama, ko mai haɗa magunguna, ko injiniya, ko malamin gona, lalle ne Kemistiri ya kasance cikin biyar ɗin nan. Haka kuma yarinyar da ke son aikin jinya ko na ungozoma. Bayan wannan, hukumar JAMB, wadda aka kafa cikin 1978, za ta sake tambayarsa Kemistirin a jarrabawar shiga jami'a. Ashe ke nan yaro na iya cin darussa takwas, ya faɗi wannan guda, ƙofa ta rufe masa har shekara ta zagayo, wani ma har abada, don ba kowane uba ke iya sake biyan kuɗin jarrabawa ba.

Manyanmu sun daɗe da gane haka. Sa'ad da aka kafa WAEC cikin 1952, Haɗejiya na cikin Lardin Kano, yaron da ya yi ƙoƙari sai ya tafi Midil ta Kano, daga can 'yan ƙalilan ke wucewa Kwalejin Zariya. Cikin 1977 Gwamnatin Jihar Kano ta ga ƙarancin likitoci da injiniyoyi 'yan ƙasa, ta buɗe makarantun kimiyya na musamman a Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, daga baya aka ƙara ta 'yan mata a Taura da ta maza a Kafin Hausa. Da aka yanke Jihar Jigawa ran 27 ga Agusta, 1991, sai ta gaji waɗannan biyu na baya. Yanzu ga Jami'ar Tarayya a Dutse tun 2011, ga Jami'ar Sule Lamido a Kafin Hausa tun 2013, ga Kwalejin Fasaha ta Binyaminu Usman cikin garin Haɗejiya. Ƙofofi sun matso kusa, amma mabuɗinsu bai sake ba.

Hasarar kuwa ba ta yaro kaɗai ba ce. Ƙasar da ke rayuwa da noman shinkafa da alkama da kamun kifi tana bukatar 'ya'yanta waɗanda za su iya auna gishirin da ke taruwa a gonar ban-ruwa, da dafin maganin feshi da ke gangarawa fadama. An daɗe ana kuka da yawan ciwon ƙoda a Haɗejiya, kamar yadda a ke yi a Gashuwa ta Jihar Yobe, duk binciken da za a yi kuwa a kan ruwan sha, mai ilmin sinadarai ne zai yi shi. Ba mu kuma manta da abin da ya auku a Majiya ta ƙasar Taura ran 15 ga Oktoba, 2024, ba, inda tankar fetur ta faɗi, jama'a suka taru ɗiba, wuta ta tashi ta ci rayuka fiye da 150. Allah ya jiƙansu. Tururin fetur ya fi iska nauyi, ƙasa ya ke kwanciya ya bi kwata, tartsatsi ɗaya ya ishe shi. Wannan magana tana cikin darasin Kemistiri na sakandare.

Yadda jarrabawar ta ke

Takarda uku WAEC ke bayarwa a wannan darasi. Ta farko tambayoyi 50 ne na zaɓen amsa, cikin awa ɗaya, maki 50. Ta biyu ta rubutu ce, awa biyu, maki 100. Ta uku ita ce ta aikin hannu a ɗakin gwaje-gwaje, awa biyu, maki 50. Watau kashi ɗaya cikin huɗu na makin duka a hannun yaro ya ke, ba a bakinsa ba.

Bari mu bayyana wa wanda bai taɓa shiga ɗakin ba abin da a ke nema. Za a ba yaro ruwa iri biyu, guda mai tsami wanda a ke kira asid, guda kishiyarsa mai halin kanwa ko ruwan toka. Da wani bututun gilashi mai suna fifet zai zuƙo mililita 25 daidai na mai halin kanwar, ya zuba a kwalba, ya ɗiga launi ɗigo biyu ko uku. Asid ɗin kuwa yana cikin wani dogon bututu mai zane-zanen awo da famfo a ƙasa, sunansa buret. Zai riƙa sakinsa yana jujjuya kwalbar, har launin ya juya, nan take ya rufe famfo, ya karanta adadin da ya tafi. Sai ya maimaita har ya sami awo biyu da ba su saɓa da juna da fiye da 0.20 ba. Ɗigo ɗaya wajen 0.05 ne, ke nan ɗigo biyar na ganganci sun isa su ɓata aikin. Da wannan awo ne zai yi lissafin ƙarfin ruwan.

Tambaya ta biyu ta gano abin da aka ɓoye ce. Za a ba shi wani gari ba suna, ya narka, ya ɗiga masa sinadari, ya rubuta abin da idonsa ya gani da abin da ya fahimta. In gudaji shuɗi ya kwanta, alamar tagulla ce, in kore mai duhu ko ja mai kama da tsatsa, alamar ƙarfe ce, kowanne da irinsa. Ta uku kuwa 'yan tambayoyi ne a kan ka'idojin aiki.

To, jama'a, yaron da bai taɓa riƙe buret ba sai ran jarrabawa, ina zai san yadda a ke sakin rabin ɗigo? Yana iya haddace launukan nan tsaf daga allo, amma gani ya kori ji. Rahoton da manyan masu duba takardu na WAEC ke fitarwa bayan jarrabawa ya sha nanata laifuffuka iri ɗaya: rashin sabo da kayan aiki, da kasa daidaita lissafin haɗuwar sinadarai, da barin adadi ba ma'auni, da ƙin bin umurnin da ke kan takarda. Babu ɗaya cikinsu da karatun dare na mako biyu zai gyara.

Kogi da kwanakin makaranta

A takarda, shekarar karatu zango uku ce. Amma ɗan aji uku zango biyu kaɗai gare shi, kowanne mako 12 ko 13, don na ukun jarrabawa ke cinye shi, ta JAMB ma ta kan riga ta WAEC zuwa. Zangon farko kuwa cikin Satumba ya ke kamawa, daidai lokacin da kogin Haɗejiya ke batse.

Kogin Kano da na Challawa su ne ke haɗuwa su zama kogin Haɗejiya. An datse na farko a Tiga cikin 1974, na biyu cikin 1992. Daga nan yanayin gudun ruwa ya sake, ruwa ya riƙa zama a wasu hanyoyi rani da damina, ciyawar kacalla ta sami wurin zama ta toshe magudanai. Ƙasar kuwa shimfiɗaɗɗiya ce, in ruwa ya rasa hanya sai ya bazu. Mutanen Ringim da Taura da Miga da Auyo da Kafin Hausa da Kiri Kasamma da Guri ba sai an ba su labari ba. Cikin 2020 an sha wuya, cikin 2022 abin ya fi muni, shekarar da ambaliya ta kashe mutum fiye da 600 a faɗin Nijeriya, Jigawa kuwa na cikin jihohin da suka fi jin jiki. Samarin Haɗejiya sun kwana suna cika buhuna da ƙasa suna ɗaga jinga don kare gari, hanyoyi sun yanke, waɗanda gidajensu suka rushe da yawa a makarantu aka sauke su.

Mu yi lissafi. In ruwa ya ci mako huɗu cikin mako 25, ya ci wajen kashi ɗaya cikin shida na shekarar ƙarshe. Ɗan Ikko da ɗan Inugu ba a rage musu kome ba, takarda ɗaya kuma za a ajiye gaban kowa, rana ɗaya. Da ruwa ya janye sai girbi, sai noman rani, yaron jeka-ka-dawo ya tashi daga aji ya zarce ban-ruwa, don hannunsa na cikin abin da gida zai ci. Sa'an nan cikin Maris da Afrilu zafi ya kan wuce awo 40, ajin bayan azahar ya zama na gyangyaɗi. Ba wanda zai ce da kogi ya dakata, ba kuma daidai ba ne a zargi uban da ya nemi taimakon ɗansa a gona. Abin da ke hannunmu shi ne tsarin lokaci da tanadin kaya.

Rabon akawu cikin wannan jarrabawa

Wani akawu zai ce, ina ruwana da Kemistiri, ni da aikina fayil da takardar biya? Ruwanka ne ƙwarai. Sinadaran nan ba a sayensu a kasuwar ƙauye, sai an rubuta, an sa cikin kasafin kuɗi, an sa hannu, an aika birni. Shekarar kuɗi ta Gwamnati daga Janairu ta ke farawa, a kan kuma kai kasafi gaban Majalisa a ƙarshen shekara. Bukatar da ba ta iso ofis ba kafin a rufe lissafi, ta rasa shekara guda. Fayil ɗin da ya kwana wata biyu bisa tebur, wata biyu ne na aikin hannu aka ɗebe wa yaran wata makaranta.

Kafin ranar aikin hannu hukumar jarrabawa ta kan aiko wa makaranta da takardar asiri, mai faɗin abubuwan da za a tanada da ƙarfin da za a dama kowanne. Haɗarin da ke nan shi ne makaranta ta zauna jiran wannan takarda kafin ta sayi kome, ranar nan a fito da sababbin kwalabe, yara su gan su karo na farko da na ƙarshe. Wannan ya cika sharaɗin hukuma, amma bai koya wa kowa kome ba.

Mai kula da sito shi ma yana da nasa. Soda mai ƙuna, in ba a toshe bakin kwalbarta sosai ba, ta kan zuƙi laima da iska ta rage ƙarfi. Sinadarin azurfa ba ya son haske, sai a kwalba mai duhu. Wani gishirin ƙarfe kore ne, in ya daɗe a buɗe ya kan koma ja, ya ba yaro amsar da ba ita ba. Ruwan rijiya ko na burtsatse kuma ba ya yin wannan aiki, don akwai gishiri narke cikinsa, sai ruwan da aka tafasa aka tara tururinsa. A ƙasar da ruwa ke shiga ɗaki kuwa, kantar ajiya ta sama ta fi ta ƙasa, kada asid ya haɗu da ambaliya a rasa kaya, a kuma jawo haɗari.

Rabon malami

Malamin darasin shi ke dama ruwan jarrabawa, shi ma ya yi nasa awon ya rubuta, da nasa kuwa a ke gwada na yara. In hannunsa bai faɗa ba, ajin duka ya shafa. Saboda haka bai kamata a jingina ajin ƙarshe ga ɗan hidimar ƙasa shi kaɗai ba, kome ƙwazonsa, don shekara ɗaya ya ke yi, ya kan kuma tafi a tsakiyar zango.

Malami kuma kada ya ce babu kaya ya naɗe hannu, alhali kuwa ƙasar Hausa cike ta ke da Kemistiri. A jiƙa zoborodo, a matsa masa lemun tsami a ga ja ya ƙara haske, a sa masa ruwan kanwa a ga ya juya kore, ga darasin launin awo ya samu. A zuba tsamiya kan kanwa a ga kumfa, a sa ashana mai ci cikin iskar da ta taru a bakin kwalba a ga ta mutu. Mai sabulun salo da ke dafa ruwan toka da mai, da marinin da ke tsamo zane kore daga karofi iska ta mai da shi shuɗi, da matar da ke jefa alif cikin ruwan kogi laka ta kwanta, dukansu babi-babi ne na littafin aji.

Ga kuma lissafin da yara ke gudu, wanda buhun taki zai sauƙaƙa. A jikin buhun yuriya an rubuta 46. A sa yaro ya tara nauyin ƙwayoyin da suka haɗu suka yi ta: kabon 12, oksijin 16, naitirojin biyu 28, haidirojin huɗu 4, jimla 60. Ya raba 28 da 60, zai ga kashi 46 da ɗoriya cikin ɗari. Ashe buhu mai kilo 50 yana ɗauke da naitirojin wajen kilo 23, alhali kuwa buhun kamfa mai lamba 15-15-15 kilo bakwai da rabi gare shi. Yaron da ya gane wannan ya gane tushen lissafin takarda ta biyu, ya kuma sami abin faɗa wa ubansa ran sayen taki.

Amma a lura, waɗannan duka share fage ne. Zoborodo ba zai maye gurbin buret ba, jarrabawa kuma da Turanci a ke yin ta. A yi bayani da harshen da yaro zai gane, sa'an nan a sa shi ya rubuta da kalmomin da za a tambaye shi da su, har su zauna masa.

Gajeriyar hanya

Inda shiri ya gaza, nan masu sayar da amsa ke kafa rumfa, iyaye su biya kuɗi a kai yaro wata cibiya da a ke cewa ba a faɗuwa. Dokar hana maguɗin jarrabawa ta 1999 ta tanadi tara da ɗauri, hanyar kuma sai ƙara ƙuncewa ta ke yi. Cikin 2025 WAEC ta sassauya jerin tambayoyin zaɓe a darussa huɗu, har da Turanci da Lissafi, ta yadda lambar tambayarka ba ɗaya ba ce da ta na kusa da kai. Cikin yara kusan miliyan biyu da suka zauna a shekarar, ta riƙe sakamakon fiye da 190,000 bisa zargin maguɗi. Da fari ta yi shelar kashi 38.32 cikin ɗari ne suka sami kiredit biyar har da Turanci da Lissafi, bayan 'yan kwanaki ta ce an sami kuskure wajen ba da maki, ta gyara zuwa 62.96, wanda duk da haka bai kai 72.12 na 2024 ba.

Har wa yau cikin Afrilu na 2025 Ministan Ilmi na Tarayya, Dokta Tunji Alausa, ya ba da umurni WAEC da NECO su koma yin jarrabawa da kwamfuta daga 2026, cikin Nuwamba kuma Majalisar Wakilai ta nemi a dakata sai 2030, saboda ƙarancin wutar lantarki da na'urori a makarantun karkara. Ko ta wace hanya aka yi tambaya, wanda ya sani shi zai amsa. Wanda aka saya wa kiredit kuwa, ran da ya shiga ɗakin gwaje-gwaje na jami'a asirinsa zai tonu, in kuma bai tonu ba har ya kama aikin asibiti, to, jama'a ce za ta biya.

Abin da ya kamata a yi

Na farko, makarantun da ke bakin kogi su ɗauki zangon ƙarshe na aji biyu, watau daga Afrilu zuwa Yuli, a kan shi ne farkon shekarar jarrabawa. A ja manyan babobi na lissafi a gama su kafin ruwa ya zo, in ya so abin da ambaliya za ta ci ya zama bita ne.

Na biyu, a fara aikin hannu tun daga aji ɗaya, a kuma sa shi cikin jadawali kowane mako, da safe kafin rana ta take. Inda buret bai kai yawan yara ba, a raba su rukuni-rukuni, a ajiye littafi a riƙa rubuta sunan wanda ya yi awo da hannunsa, kada masu baki su yi ta yi, masu kunya su tsaya kallo. Makarantar da ba ta da ɗakin gwaje-gwaje a haɗa ta da maƙwabciyarta mai shi.

Na uku, kowane shugaban makaranta ya ƙidaya kayansa kafin hutun damina, ya aiko da bukatarsa a rubuce, akawu kuma ya ga ta shiga kasafi a kan kari. Kayan koyo daban, kayan ranar jarrabawa daban.

Na huɗu, in ambaliya ta tilasta saukar da jama'a a makaranta, a keɓe ɗakin gwaje-gwaje da aji ɗaya na 'yan shekarar ƙarshe, a kuma shirya tun da wuri inda za a mai da su in ruwa ya ci makarantar kanta.

Na biyar, a yi jarrabawar gwaji cikin Fabrairu, da takardu ukun duka, a duba ta da tsanani irin na hukuma, don a sami wata biyu na gyara. Iyaye kuma, masu unguwanni da dagatai su taya mu roƙonsu, su ɗaga wa ɗan aji uku ƙafa daga aikin gona a waɗannan watanni.

Babu ɗaya cikin waɗannan da ke bukatar sabuwar doka ko baƙo daga waje. Kogin Haɗejiya ba ya zuwa ba sanarwa, kowa ya san watan cikarsa, kamar yadda kowa ya san watan jarrabawa. Masu iya magana sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Allah ya ba malamai da akawuna ikon riƙe wannan amana, ya ba yaranmu sa'a, amin.